Darasi na 14: Yadda Aka Shuka Yaƙin Hitila

A nan ƙasar Karaye da Rogo mun sha jin ana ambaton Yaƙin Hitila. Yau za mu karanta yadda aka shuka shi.

A shekarar 1929 ciniki ya lalace a duniya. A ƙasar Kano kuɗin gyaɗa ya faɗi, biyan haraji ya yi wuya. Wannan wahala ta kai har Turai. A ƙasar Jamus ma'aikatu suka rufe. A 1932 mutum wajen miliyan 6 ba su da aikin yi.

Sai wani mai bakin magana, wai shi Hitila, ya yi ta yawo yana yi musu alkawarin aiki da abinci. Ya ɗora laifin wahalarsu a kan Yahudawa. Mai jin yunwa ba ya tsayawa bincike. Mutane da yawa suka jefa wa jam'iyyarsa ƙuri'a. A watan Janairu na 1933 aka naɗa shi shugaban gwamnati.

Da ya hau, sai ya soke sauran jam'iyyu. Ya rufe jaridun da ba su yabonsa. Mutanensa suka ƙona littattafai a fili. Wanda ya ce uffan, sai kurkuku. Irin wannan shi a ke kira mulkin kama-karya, wato mutum ɗaya ya yanke, ba mai tambayarsa dalili.

A Italiya ma akwai irinsa, Musolini, wanda ya hau tun 1922. A 1935 ya auka wa Habasha. Manyan ƙasashe suka yi ta surutu, ba su hana shi ba. Hitila ya ga haka, ya ƙara ƙarfin hali. A watan Satumba na 1939 ya auka wa ƙasar Polan. Ingila da Faransa suka ɗaura yaƙi da shi.

A lokacin nan Ingilishi ke mulkinmu, Abdullahi Bayero yana sarautar Kano. Aka ɗebi samari daga ƙasar Hausa aka sa su soja. Waɗansu suka yi yaƙi a Habasha a 1941. Waɗansu aka kai su Bama, su yaƙi Japan, abokiyar Jamus. Da yawa ba su komo gida ba. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945, mutanen Hitila sun kashe Yahudawa wajen miliyan 6.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Mai neman ƙuri'armu, mu dubi halinsa kafin mu ba shi. Mu koyi karatu, don mu karanta da idonmu, kada a karanta mana.

Tambayoyi

1. Me ya sa Jamusawa suka bi Hitila?
2. Mene ne mulkin kama-karya?
3. Ina aka kai sojojinmu?