'Yan Halittun da ke Wanke Ƙasa

In riga ta yi dauɗa, akan sa sabulu a wanke. In ƙwarya ce, a sa soso. To, in ƙasa ce ta ɓaci fa, da me za a wanke ta?

Ku dubi wurin da makanikai ke zubar da baƙin mai. Ƙasar wurin takan yi baƙi ƙirin, ko ciyawa ba ta tsirowa. In man ya yi yawa, yakan nutsa har ya tarad da ruwan rijiya ya ɓata shi. Ana iya haƙe irin wannan ƙasa a kwashe ta a mota, amma aikin da tsada, kuma dauɗar ba ta ƙare ba, wuri kaɗai ta sake.

Ashe Allah ya ajiye maganin a cikin ƙasar kanta. Akwai waɗansu 'yan halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Sunansu bakteriya. Cikin cokali guda na ƙasar gona sukan kai miliyan 100, har su fi. Waɗansu suna kawo cuta, amma da yawa masu amfani ne. Irinsu ne ke mai da madara kindirmo, su ne kuma ke sa kalwa ta zama daddawa. Akwai kuwa waɗanda man fetur ne abincinsu. In sun ci, sai su mai da shi ruwa da irin iskar nan da muke fitarwa in mun yi numfashi.

Amma ma'aikaci ba ya aiki da yunwa. Su ma suna bukatar abu uku, watau iska da laima da taki. Saboda haka masana sukan kaftu ƙasar, ko su hura mata iska ta bututu, sa'an nan su yayyafa ruwa, su zuba taki. Sai 'yan halittun su yi ta hayayyafa suna cin man, ƙasa kuwa tana nan inda take.

An ga amfanin wannan dabara a Alaska, can arewacin Amurka. Ran 24 ga Maris, 1989, wani jirgin ruwa mai dakon mai, sunansa Exxon Valdez, ya yi karo da dutse a teku. Ɗanyen mai wajen galan miliyan 11 ya tsiyaye, igiyar ruwa ta kai shi gaɓa, ya lulluɓe rairayi da tsakuwa. Tsuntsaye dubbai suka mutu. Masana suka duba, suka tarar akwai bakteriya masu cin mai a gaɓar tun dā, taki kaɗai suka rasa. Aka yayyafa taki a wani yanki, aka bar na kusa da shi don a gwada. Bayan 'yan makonni yankin da aka sa wa taki ya washe, ɗayan kuwa yana nan baƙi. Da ganin haka aka bi gaɓa fiye da mil 70 ana zuba taki. Duk da haka, bayan shekara 20 an tona an sami sauran mai can ƙarƙashin tsakuwa, inda iska ba ta shiga sosai.

Kada ku zaci kowace guba suke ci. Dalma ƙarfe ce, ba su iya cinye ta. A shekarar 1989 taki ya yi aiki a Alaska, amma sa'ad da gubar dalma ta halaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010, saboda daka dutsen zinariya a cikin gida, ba wata dabara sai da aka kankare ƙasar gidajen aka binne, aka zuba sabuwa.

Don haka, yara, rigakafi ya fi magani. Kada ku zubar da baƙin mai ko maganin ƙwari a gona ko kusa da rijiya. Ɓata ƙasa aikin yini guda ne, gyaranta kuwa sai shekaru.

Tambayoyi
1. Wane abu uku 'yan halittun nan ke bukata?
2. Don me aka bar yanki guda ba taki a Alaska?
3. Me ya sa aka kankare ƙasa a Zamfara?