Yadda Ake Gane Ko Ƙasar da Aka Haƙa Ta Farfaɗo

Babu ramin kwal a Barnawa, amma duk mazaunin unguwar ya san irin kududdufan da ake bari a bayan gari da gefen Kogin Kaduna idan an gama kwasar marmara da yashi. Ciwon ɗaya ne da na Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, inda kamfanin siminti na Ashaka ke haƙar kwal, da na Anu Araren a Nijar, inda kwal ke ba Arlit da Agadas wutar lantarki. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya gyara wuri in ya gama. Sai dai cike rami da dasa itace a gaban manyan baƙi bai isa a kira shi gyara ba, sai an bi sawu ana aunawa kowace shekara.

Da fari a nemi wani yanki na kusa da ba a taɓa haƙa ba, mai irin ƙasa da gangare ɗaya da wurin da aka gyara. Da shi za a riƙa gwadawa. Daga nan a yanki ƙananan filaye, misali mita 10 tsawo 10 faɗi, a tudu da gangare da kwari. A zaɓe su da ƙuri'a, don in an bar wa mai aiki zaɓi, gefen hanya zai nuna, inda tankar ruwa ke kaiwa. A kafa turaku na kankare, domin na ƙarfe ba sa kwana inda 'yan gwangwan ke wucewa. A rubuta lambar kowane wuri daga taswirar waya, a kuma riƙa ɗaukar hoto daga turke ɗaya, ana fuskantar gefe ɗaya.

Sai ƙasa, kuma a nan ne wurin kwal ya fi wuya. Tarkacen da ake fitowa da shi daga rami sau da yawa yana ɗauke da wani ma'adini mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Muddin yana binne, lafiya lau. Da ya haɗu da iska da ruwan sama sai ya riƙa fitar da tsami mai ƙona saiwa. Alamarsa ruwa ja kamar tsatsa a kwari, da faƙo inda ko ciyawa ba ta fitowa. A ɗebi ƙasa daga sama zuwa zurfin taƙi guda a wurare daban-daban na kowane fili, a gauraya, a kai ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. In ma'aunin tsami ya yi ƙasa da 5.5, wato tsamin ya yi yawa, yawancin tsirrai za su wahala, sai an zuba farar ƙasa da takin gargajiya. A maimaita gwajin, don tsamin kan dawo bayan an ɗauka ya tafi.

Lokacin ƙirga shi ne abin da aka fi kuskurewa. A watan Agusta ko juji kore ne shar a Kaduna. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare: a koma a Maris ko Afrilu, bayan hunturu da gobarar daji da awaki sun yi nasu. A ƙirga itatuwan da ke raye cikin waɗanda aka dasa, a auna tsayinsu, manya kuma a auna kaurinsu daidai ƙirji. Don ciyawa, a ajiye katako mai kusurwa huɗu, mita ɗaya ta kowane gefe, a ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari ke rufe da tsiro ko busasshen ganye. In akwai zaizaya, a auna faɗin kwazazzabo da zurfinsa.

A rubuta sunan kowane tsiro. A ganina filin da turare ko dogon yaro kaɗai ya cika bai warke ba, ko da ya yi duhu. Abin nema shi ne gamba da jema su riƙe gangare, bagaruwa da gawo su kama, sannan a fara ganin 'ya'yan ɗorawa ko marke da ba wanda ya dasa su, tsuntsu ko iska ko shanu ne suka kawo irin. Shurin gara da kashin tana ma a sa su a littafi. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, da ake samu kyauta kusan duk kwana biyar, suna nuna inda kore ke ja da baya, amma ba sa bambance ɗorawa da tumfafiya. Wannan sai an taka da ƙafa.

Har yaushe? Dokar Amurka ta 1977 ta ɗora wa kamfanin kwal alhakin shukar na shekara 5 inda ruwan sama ya wuce inci 26 a shekara, shekara 10 inda bai wuce ba, kuma ba a mayar masa da cikakken kuɗin da ya ajiye jingina sai wurin ya cika sharaɗi. Ruwan Kaduna ya zarce wannan adadi, don haka shekara 5 ce mafi ƙaranci da ya kamata a nema. Littafin awon kuma kada ya tsaya a ofishin kamfani. A ba mai unguwa kwafi, a sa manoma da makiyayan wurin cikin masu ƙirga, don su ne suka san abin da ke tsirowa a nan kafin katafila ta shigo.