Aikin da Kake Ta Ɗagawa Zuwa Mako Mai Zuwa

Karatu: Haggai 1:1-15, Ezra 4:24

Da yawa a cikinmu muna da ɗan littafin da muke rubuta abin da muke shirin yi. Wani nasa dayari ne da aka raba a wurin aiki, wani littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, wata kuma a bayan littafin da take rubuta wa'azin Lahadi take jera nata. Rubutawa ba wuya. A daren shiga sabuwar shekara, bayan yabo da addu'a, nan da nan shafi yake cika. Abin da ba mu cika yi ba shi ne mu koma baya mu karanta abin da hannunmu ya rubuta, mu tambayi kanmu ina aka kwana.

Buɗe shafukan wata biyu da suka wuce ka duba. Ayyukan da ka gama kusan iri ɗaya ne: kuɗin makarantar yara, sayen taki, gyaran mashin, kuɗin haya. Duk suna da mai bin ka a kansu. In ba ka biya ba, za a koro yaro gida. Amma akwai layi ɗaya ko biyu da kake ta kwafewa daga mako zuwa mako ba su motsa ba. Ziyartar ɗan'uwan da ya daina zuwa sujada. Biyan bashin naira dubu biyar da ka ci tun bara. Fara addu'ar iyali da safe. Neman gafarar maƙwabciyar da kika gaya wa magana. Cika alkawarin da ka tashi tsaye ka yi a taron farkawa. Waɗannan ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa a kansu, shi ya sa suke kwana.

Mutanen Yahuza ma suna da irin wannan layi. Sarki Sairus na Farisa ya ba su izinin komawa daga Babila wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu domin su sāke gina Haikali. Suka zo, suka gina bagade, suka sa harsashi da murna da kuka. Sai maƙiya suka tayar musu, aiki ya tsaya. Ezra ya ce ya tsaya har shekara ta biyu ta sarautar Dariyus, wato shekara ta 520. Kusan shekara 16 ke nan harsashi yana kwance cikin ciyawa.

Ka lura, ba su taɓa cewa ba za su gina ba. Cewa suke yi lokaci bai yi ba tukuna. Kuma dalilin da ya tsai da su da farko gaskiya ne, ba ƙirƙira ba: akwai hamayya, akwai tsoro. Sai dai dalilin ya tsufa, su kuwa suna ta riƙe da shi. A cikin shekarun nan sun sami katako da lokacin gyara nasu gidaje. Wannan shi ne abin da annabi Haggai ya nuna musu da yatsa, sau biyu a babi ɗaya yana kiransu su tsaya su duba al'amuransu. Ya sa su yi lissafi kamar yadda manomi yake yi bayan kaka: nawa aka shuka, nawa aka girbe, ina ladan aiki yake zurarewa.

Na san akwai masu cewa, "Ni Ruhu ne yake bi da ni, me zan yi da takarda?" A ganina wannan magana ta fi kama da lalaci da aka sa wa rigar ruhaniya. Haggai da Ruhun Allah ya yi magana, amma dubi yadda ya rubuta shekara da wata da rana na kowane saƙo. Saƙon farko ya zo ran ɗaya ga wata na shida. Ran 24 ga watan nan Zarubabel mai mulki, da Yoshuwa babban firist, da sauran jama'a suka kama aiki. Kwana 23 kacal, bayan shekaru suna cewa ba yanzu ba. Da ba a rubuta kwanakin ba, da ba mu san haka ba.

To, ba kowane aikin da bai yiwu ba ne zunubi, kada ka mai da littafinka kotu. Manzo Bulus ya shirya wa'azi a Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana. Ya nufi Bitiniya, nan ma aka hana, har ya ga wahayin mutumin Makidoniya a Taruwasa (Ayyukan Manzanni 16). Ya rubuta wa Romawa cewa in ya kai gudummawa Urushalima zai biyo ta wurinsu ya wuce Asbaniya, wato Sifen ta yau. Ya isa Roma, amma a ɗaure. In Ubangiji ne ya rufe ƙofa, ja layi a kan aikin, ka rubuta kwanan wata, ka yi godiya, ka daina ɗaukar nauyinsa. Wani aikin kuma tun asali ba naka ba ne. Yetro ya ga Musa yana shari'a daga safe har yamma shi kaɗai, ya ce masa ya raba nauyin. In layin irin wannan ne, rubuta sunan wanda za ka miƙa wa.

Wanda ya rage bayan ka cire waɗannan shi ne na Haggai. Yadda za ka gane shi ba wuya: duk lokacin da idonka ya kai kansa, sai ka yi saurin juya shafi.

Ga abin da nake roƙonka ka yi. Keɓe rabin awa a mako, Asabar da yamma ta fi dacewa, tun kafin ka zo gaban Ubangiji da safe. Fara da addu'a, ka karanta makon daga farko. Abin da aka gama, yi godiya a kansa da sunansa. Mukan manta cewa kuɗin makarantar da ya hana mu barci ran Litinin an biya shi ran Alhamis. Abin da bai yiwu ba, kada ka sa masa alama kawai ka wuce. Sāke rubuta shi da hannunka a sabon shafi, ka sa ranar da ka fara rubuta shi a gefe, da sau nawa ka ɗaga shi. Mutum yana iya ruɗin kansa da "kwanan nan ne", amma in ya ga lamba 9 a gefen sunan wanda yake bin sa bashi, bakinsa zai mutu. A ƙarƙashinsa rubuta dalilin da ya hana, sa'an nan ka tambaya a gaban Allah: dalilin nan yana nan da rai har yau?

In aikin ya yi maka girma, rage shi zuwa abin da za a iya yi a rana ɗaya. Haggai bai ce su gama Haikali a wata guda ba. Ya ce su hau duwatsu su kawo katako. Ginin sai a shekara ta shida ta Dariyus aka gama. Amma Ubangiji ya tabbatar musu yana tare da su tun ranar da suka saurara, kafin a ɗora dutse ko ɗaya. In ba ka da dubu biyar, kai dubu ɗaya da hannunka, ka faɗi ranar da za ka kawo saura.

Wanda bai iya rubutu ba, ko idonsa ya yi rauni, ya sa ɗansa ko abokin addu'arsa ya rubuta masa. Kai ma da ka iya, in layi ya wuce mako huɗu bai motsa ba, nuna wa wani amintacce a ikkilisiya, mijinki ko matarka, dattijo ko shugabar zumuntar mata, ka ba shi izini ya tambaye ka ran Lahadi mai zuwa bayan an tashi sujada.