Karanta Tsohon Zane da Ilimin Alamomi: Kano daga Dutsen Dala

Ilimin alamomi bai tsaya ga kalma kaɗai ba. A maƙalarsa ta 1964 kan balagar hoto, Roland Barthes ya bambanta ma'anar zahiri, wato abin da ido ya gani, da ma'anar da al'ada ke ɗora wa abin, sannan ya nuna cewa rubutun da ke ƙarƙashin hoto shi ke ɗaure ma'anarsa. Bari mu gwada wannan a kan zanen Kano da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Heinrich Barth, wanda aka buga a juzu'i 5 tsakanin 1857 da 1858.

Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo. Shi ya yi zanen farko, amma Johann Martin Bernatz ne ya ƙawata shi a Turai domin ɗab'i. Ke nan hannu biyu ne suka yi aikin, na biyun kuwa don idon Bature ya yi.

A zahiri, gidajen laka ne da itatuwa shimfiɗe a fili. Yanayin kuwa natsuwa ce, kuma nisa ne ya haifar da ita. Daga kan dutse ba a jin hayaniyar Kasuwar Kurmi, ba a ganin cinikin bayin da Barth kansa ya bayyana a rubuce, a birnin da ya ƙiyasta mazaunansa 30,000. Wanda ya hau sama ya zama mai kallo, jama'a suka zama abin kallo.

Taken zanen ma ya mayar da Dala wurin tsayawa a yi hange. Ga Kanawa kuwa Dala tushen gari ne, mazaunin Barbushe da bautar Tsumburbura.

Wannan darasi ya shafe mu a Arewa. Baƙo zai ɗauki dutsen da ya ba Dogondutsi suna a matsayin ado, ya ɗauki Lugu ƙauye kamar kowane, alhali nan Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kuma dutsen Tunguma na yanke shari'a yana kusa. Duk tsohon hoton ƙasarmu da ya shigo hannun ɗalibi, ya yi masa tambaya uku: daga ina aka tsaya, wa ya rubuta taken, kuma da wane suna mutanen wurin ke kiransa?