Yadda Ake Zana Allon Ɗige-ɗige da Manhajar R Domin Gane Alaƙar Alƙaluma

Ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wanda ya zagaya ƙauyuka yana tambayar manoma, ya komo ɗakinsa a Angwan Iya da takardu cike da lambobi, watau faɗin gona da buhunan taki da kuɗin ƙwadago da masarar da aka samu, galibi gaggawa takan kai shi ga hisabi tun bai dubi siffar abin da ya tara ba, alhali kuwa dubawar nan ita ce sharaɗi na farko. Francis Anscombe ya kafa hujja a kan haka a 1973, da ya kawo tarin alƙaluma huɗu waɗanda ma'aunin alaƙarsu kusan ɗaya ne, wajen 0.816, amma da aka zana su sai ga ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya lanƙwasasshe, sauran biyun kuwa ɗigo guda ne ya karkatar da hisabinsu.

Maganin wannan shi ne allo mai gida-gida kamar hatimin malaman zaure, wanda kowane gida a cikinsa yake gwada ma'auni biyu, kowane manomi kuma ɗigo ɗaya ne. Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland, kyauta ce, kuma da zarar ta shiga kwamfuta ba ta bukatar intanet ga wannan aiki.

Fara da tsara bayananka a Excel, kowane manomi layinsa, kowane ma'auni jerinsa daga sama zuwa ƙasa, da gajerun sunaye marasa tazara: kauye, fadi, taki, kwadago, masara. A nan mafi yawan fitina take, domin idan ka rubuta "buhu 5" maimakon 5, ko ka sa waƙafi cikin kuɗi kamar 25,000, R zai ɗauki jerin baki ɗaya a matsayin zance, ya ƙi zanawa. Haka nan wanda ya ba ka faɗin gonarsa da eka da wanda ya ba ka da hekta, wajibi ne ka mai da su ma'auni ɗaya tun yanzu. Inda manomi bai amsa ba ka bar gurbin fayau, kada ka sa sifiri, don sifiri shaida ce cewa bai zuba taki ba. Sai ka adana da siffar CSV, da sunan gona.csv.

Daga nan ka rubuta gona <- read.csv("gona.csv"), ka bi shi da str(gona), ka tabbatar gaban kowane ma'auni, ban da kauye, akwai num ko int, in ka ga chr, koma ka gyara.

Zanen kansa umarni ɗaya ne: pairs(gona[, 2:5]). Gidaje 16 za su fito, huɗu na tsakiya ɗauke da sunaye, sauran 12 kuwa alaƙa shida ce aka maimaita, domin na sama da na ƙasa abu guda ne aka juya. Ƙa'idar karatu ita ce, sunan da ke layin gida shi ne ma'aunin tsaye, wanda ke jerinsa shi ne na kwance. Saboda haka mai son ganin yadda masara take bin taki, sai ya bi layin masara har ya iske jerin taki. Idan ɗigogin suna hawa daga hagu zuwa dama, abubuwan biyu tare suke ƙaruwa. Idan suka hau sannan suka kwanta, la'alla ƙarin taki ya daina amfani a nan, abin da lamba guda ba za ta taɓa faɗa maka ba. Ƙara panel = panel.smooth cikin umarnin zai ja layi mai bin tsakiyarsu. Ɗigon da ya ware can a kusurwa shi kaɗai, kada ka share shi sai ka koma ga takardar asali, domin sau da yawa sifiri ne ya ƙaru wajen bugawa, wani lokaci kuma babban manomi ne na haƙiƙa.

Fa'ida mafi girma a ganina tana ga launi. Sa col = factor(gona$kauye), kowane ƙauye zai ɗauki launinsa, kuma mai yiwuwa abin da ka zaci alaƙa ce tsakanin ƙwadago da masara ya bayyana ƙauyuka biyu ne kawai, ɗaya mai ƙasar fadama ɗaya mai tudu. Hasali ma duk wanda gonarsa ta fi faɗi zai fi sayen taki, ya fi biyan ƙwadago, ya fi samun masara, don haka hawan ɗigogi tare ba dalili ba ne cewa wannan ya haifar da wancan. Raba kowanne da faɗin gona ka sake zanawa.

Kada ka wuce ma'auni shida ko bakwai a allo ɗaya, don goma kan haifar da alaƙa 45, gidajen su ƙanƙance har ido ya kasa. Domin sa zanen cikin kundin bincike, rubuta png("allo.png") kafin umarnin, da dev.off() bayansa, kuma ka adana tun ba a ɗauke wuta ba.