Nasiha ga Masu Tafiya Karatu Landan: Ku Kula da Fatarku

Ya ku 'ya'yana masu shirin tafiya karatu Landan, Allah ya kai ku lafiya, ya ba da abin da aka je nema. Kowa zai gargaɗe ku a kan sanyi, ni kuwa a kan ruwa zan ja hankalinku.

Ruwan famfon Landan da kudu maso gabashin Ingila ta cikin duwatsun alli yake ratsowa, shi ya sa yake ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam masu yawa. Wanda ya taɓa wanka da ruwan rijiya mai zartsi ya san halinsa: a yi ta goga sabulu, kumfa ta ƙi tashi. Ku leƙa cikin butar dafa shayi, za ku ga farin ɓawo ya kama gindinta.

Shan ruwan ba laifi, a fata yake ɓarna. Idan ya haɗu da sabulu, sai ya bar wani saura da ba ya ɗaurayuwa, ya lafe a jiki ya raunana maiƙon da ke tsare fata. Binciken da jami'ar Sheffield da King's College ta Landan suka fitar a 2017 ya nuna haka, musamman ga masu saurin kamuwa da ciwon fata mai ƙaiƙayi. Ga kuma na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska dare da rana. Kafin a ankara ƙwauri ya yi furu-furu, bayan hannu ya yi kaushi, dunduniya ta fara faso.

To, ku rage daɗewa a banɗaki. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, mai zafin gaske ƙara bushewa yake yi, ko da sanyi na kwaɗaita muku shi. Ku nemi sabulu mai laushi marar turare, ku taƙaita shi ga hammata da matse-matsin jiki, ku sassauta dirza da soso. In kun fito, ku danna tawul a hankali, ku shafa mai tun jiki na da danshi, don a lokacin ne yake riƙe ruwa. Man kaɗanya ko basilin sun isa; ku sa gwangwani ɗaya a jaka tun daga gida. Mu masu alwala sau biyar a yini ne, saboda haka ku riƙe ɗan ƙaramin mai a aljihu, ku shafa wa hannu da ƙafa bayan kowace.

Susa ba ta magani, tsaga fata take yi. In wuri ya yi ja, ko yana tsatsar ruwa ko jini, ku je wurin likita ko mai kantin magani, kada ku ari man shafawar wani.

Jikin nan amana ce, kuma mai fama da ƙaiƙayi cikin dare ba ya fahimtar darasi da safe. Allah ya tsare mana ku, ya dawo da ku lafiya.