Rawar Sinadarin Magniziyam a Gudajin Saiwar Gyaɗa da Wake: Nazari Daga Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Tun kaka da kakanni manoman Dutsin-Ma da Kurfi suke haɗa gero ko dawa da wake a gona guda, suna kuma cewa gonar da aka cire gyaɗa tana karɓar hatsi da kyau. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana sirrin wannan hikima, da kuma nuna yadda ta dogara a kan wani sinadari da ba a cika ambatonsa ba, wato magniziyam.

2.0 Gudajin Saiwa

Duk wanda ya tuge gyaɗa ko wake zai ga 'yan gudaji manne a jikin saiwa. A shekarar 1886 Hellriegel da Wilfarth na ƙasar Jamus suka tabbatar cewa ta waɗannan gudaji ne dangin wake ke samun naitirojin daga iska, sannan a 1888 Beijerinck ya ware bakteriyar da ke zaune cikinsu, wadda daga baya aka raɗa wa suna Rhizobium. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya cinsa sai bakteriyar ta mayar da shi amoniya. Ladan aikinta shi ne sukarin da ganye ke haɗawa, wato dai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

3.0 Gurbin Magniziyam

Magniziyam yana shiga wannan ciniki ta hanyoyi uku. Da farko, shi ne ke zaune a tsakiyar kulorofil, sinadarin da ke ba ganye launin kore, wanda da shi ake haɗa sukari daga hasken rana. Na biyu, sai da shi sukarin ke iya sauka daga ganye zuwa saiwa. Na uku, naitirojinas, wanda ke sarrafa naitirojin a cikin guda, yana cin ƙwayoyin makamashi 16 da ake kira ATP kafin ya sarrafa ƙwayar naitirojin ɗaya, kuma ba ya karɓarsu sai suna ɗaure da magniziyam. Saboda haka idan ya yi ƙaranci, gudaji kan ragu, su ƙanƙance, aikinsu ya yi rauni.

4.0 Halin Ƙasar Yankin

Galibin gonakin yankin jigawa ne, wadda ba ta riƙe sinadarai idan ruwan Agusta ya yi yawa. Bugu da ƙari, ana kwashe harawa ƙaf don kiwo, magniziyam ɗin da ke cikinta ya bar gona. Takin NPK, da yuriya, da supa duk ba su mayar da shi, hasali ma yawan fotashiyam kan hana saiwa shansa. Ƙurar hunturu tana zubo kaɗan, amma ba dogaro ba ce.

Alamar ƙarancinsa ita ce tsofaffin ganyaye na ƙasa su yi ɗorawa tsakanin jijiyoyi, alhali jijiyoyin suna nan kore. Haka kuma idan aka tsaga guda, mai aiki cikinsa ja-ja ne, wanda ya daina kuwa kore ne ko fari.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, takin da wake ke ɗebowa daga iska ba kyauta ba ne. Dabbar da ta ci harawa, wajibi ne kashinta ya koma gonar da harawar ta fito, tare da tokar murhu ko garin dutsen dolomait inda ƙasa ta yi tsami. Kafin a kashe kuɗi kuwa, ya dace a kai ƙasar gona awo, misali a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya.